Rautar da Ke Suma a Kwarin Hocking

A garin Wirrindale, idan intanet ɗin gidanka ya fara wasa da hankalinka, ba wanda zai ce ka kira kamfani. Cewa za a yi ka tare Glenda Varcoe bayan ta sauke 'yan makaranta. Ita ce direbar bas ɗin makarantar garin, mace mai faɗin kafaɗa da gajeren gashi da furfura ta cinye, ta haura hamsin da ɗoriya, kuma Allah bai ba ta haƙurin sauraron ƙorafi har ƙarshe ba. Kana tsakiyar bayani za ta katse ka da tambayar inda ka ajiye akwatin intanet ɗin. In ka ce bayan talabijin, sai ta yi maka kallon da take yi wa yaron da ya liƙa cingam a kujerar bas.

Ba karatun abin ta yi ba. Shekarar da mijinta ya rasu, ɗansu tilo ya kwashe iyalinsa ya koma Perth aikin ma'adinai, ya bar ta da gida shiru da rauta, ɗan akwatin nan mai eriya da ke raba intanet a cikin gida ba tare da waya ba. Duk Lahadi sai ta zauna gaban kwamfuta don ta ga jikarta, duk Lahadi kuma sai fuskar yarinyar ta daskare a tsakiyar magana. Kamfanin da ya ƙera akwatin ya daɗe da mantawa da shi. Haushi ne ya kai ta wani zaure a intanet, inda mutane daga ko'ina a duniya suke rubuta manhajar rauta da kansu, su bar ta a buɗe, kowa ya ɗauka kyauta, ya leƙa cikinta, ya gyara inda ya ga dama. Ta goge ta kamfani ta ɗora tasu. Akwatin farko ya mutu murus a hannunta, na biyu ya bi sahunsa, sai daga baya hannunta ya faɗa. Tun daga nan teburin cin abincinta ya daina ganin abinci, sai tsofaffin rautoci da mutane ke jefarwa, ita kuma tana tashin su ɗaya bayan ɗaya tana raba wa gidaje. Ladanta kan zo a kwali: ƙwai, zuma, wani lokaci cinyar rago.

Tana alfahari da aikinta, kuma ba ta ɓoyewa. Takan ce babu rautar da ke yin abu haka kawai, sai dai mai ita ya yi mata ƙarya. Akwati ɗaya ne a duk yankin ya gagare ta, shi ne kuma wanda ta fi buƙatar ya tsaya da ƙafarsa.

Yana gidan Kawu Alby, ƙanin mahaifiyarta, can ƙarshen Kwarin Hocking, inda kwalta ke ƙarewa hanya ta zama jar ƙasa tsakanin itatuwan turare. Tsoho ne da ya ƙare ƙuruciyarsa yana aske ulun tumaki a gonakin mutane, aikin ya cinye masa kafaɗar dama, ƙarar injin aski kuma ta tafi da rabin jinsa. Shi kaɗai yake zaune tun da matarsa Beryl ta rasu, aka ƙona gawarta kamar yadda ta bar wasiyya, ya binne tokar a gindin bishiyar lemun tsamin da ta shuka a bayan kicin. An yi juyin duniya ya dawo gari, ya ƙi.

Babu sabis a kwarin, ko ka hau rufi. Intanet na shigowa ta wani faranti a saman gidan, ya sauka cikin rauta, wayar Kawu Alby kuma ta kama waifai daga gare ta. Ta nan kaɗai kira ke iya shiga gidan. Gefen kwarin biyu duk tudu ne, wanda ke ƙasa ba ya ganin hayaƙin gobarar daji sai ta riga ta hau kan tudun, hanyar fita kuma ɗaya ce tak, ta kan gada. Saboda haka suka ƙulla yarjejeniya, ita da shi, a gaban Darryl Kuchel, shugaban 'yan kwana-kwanan sa-kai na garin. Ba za a ƙara damun sa da maganar tashi ba. Amma ranar da Glenda ta kira ta ce ya fito, zai ajiye duk abin da ke hannunsa ya shiga a-kori-kurarsa. Rayuwar tsohon ta rataya a kan kira ɗaya, kiran kuma ya rataya a kan akwatin da ita ta haɗa da hannunta.

Damina biyu aka yi ba ruwan kirki. Da zafi ya kankama a watan Disamba, wanda a wannan ƙasa lokacin bazara ne, sai rautar ta fara suma.

Glenda ta bar wa kanta wata ƙofa a cikin manhajar, yadda daga kicin ɗinta ko ta wayarta take iya leƙa akwatin. Abin da take gani shi ne ya hana ta sukuni. Akwatin kansa yana raye, intanet na shigowa, amma sashen da ke watsa waifai sai ya ɗauke, manhajar ta tashe shi, ya sake ɗaukewa, ta sake tashin sa, a yi ta haka na wani ɗan lokaci, sannan komai ya koma daidai kamar ba a yi ba. A tsakanin nan ko duniya za ta tashi, wayar Kawu Alby ba za ta yi ƙara ba. Yawanci da sanyin safiya abin ke faruwa, ko da yamma in rana ta yi sanyi, kuma kullum a ranakun da zafi ya fi tsanani, wato ranakun da ake tsoron gobara.

Ta yi duk abin da ta sani. Ta sauya tashar da waifai ɗin ke bi, ta rage masa faɗi, ta kashe tsarin tsimin lantarki da ke sa shi gyangyaɗi. Ta duba ko an saita sunan ƙasar daidai a cikin manhajar. Ta koma tsohuwar manhaja, ta dawo sabuwa. Ta ce zafi ne, ta sauko da akwatin daga saman firji, ta huda murfinsa, ta ɗaura masa 'yar fanka. Daga ƙarshe ta cire shi gaba ɗaya ta sa wani, wanda ya yi shekara a gidanta bai taɓa tari ba, ta mayar da fankar kansa. Kafin mako ya zagayo shi ma ya koyi suman.

Abin da ya fi ƙona mata rai, bai taɓa yi a gabanta ba. Ta sha zuwa ta zauna yini guda da kwamfuta a cinya, Kawu Alby yana dafa mata shayi yana zolayarta, akwatin yana aiki lafiya lau. Takan tashi da yamma ba ta gano komai ba, shi kuma ya raka ta mota da leda cike da lemun tsami, manya-manya masu sheƙi, ya ce ta yi kek irin na Beryl.

A zauren intanet ta rubuta bayanin komai. Wani mutumin Finland, wanda ba ta taɓa ganin fuskarsa ba amma ta san ba ya ɓata magana, ya tambaye ta ko akwai wani inji mai nauyi da ke tashi a gidan. Ya ce idan lantarki ya ɗan yi ƙasa, sashen waifai ne ke fara faɗuwa, ya bar sauran akwatin a tsaye. Maganar ta shige ta, domin gidan Kawu Alby shi ne na ƙarshe a kan doguwar wayar lantarkin da ta ratsa kwarin, abu kaɗan ke sa ƙwan fitila ya lumshe. Ta je ta kunna firji ta kashe, ta gwada injin wanki, ta gwada na'urar ɗumama abinci, akwatin ko gezau. Ruwan gidan daga ƙaramin tanki yake saukowa da kansa, don a kan ƙarfe mai tsawo aka ɗora shi, ba ya buƙatar inji.

Saura inji ɗaya, kuma ko kallon sa ba ta yi ba. Yana jikin babban tankin siminti na bayan rumbu, tankin gobara. 'Yan kwana-kwana ne suka cika shi da motarsu a farkon bazara, ruwan da suka ɗebo daga nesa bayan sun tashi daga ayyukansu, su ne kuma suka sa masa injin lantarki saboda kafaɗar tsohon ba ta iya jan igiyar inji mai fetur. A wannan yanki ba a taɓa ruwan gobara. Mutum zai yi wanka da bokiti, ya bar ciyawarsa ta mutu, ya sayar da tumakinsa a wulaƙance, amma ba zai buɗe wannan tankin ba sai ya ga ja a sama. Yaro ma ya san haka. Glenda ta san haka tun kafin ta san karatu, shi ya sa tunanin bai ko gifta mata ba.

Amma ta tambaye shi, ba sau ɗaya ba.

"Kawu, jiya da yamma me kake yi?"

"Me?"

"Na ce me kake yi jiya da yamma, lokacin da waya ta ɗauke?"

"Me zan yi kuwa? Zaune nake ina tsufa."

"Ba ka kunna komai ba?"

"'Yar nan, ni da ko rediyo ba na ji, me zan kunna? Ki dai ce abin naki ya fi ƙarfinki, ba wanda zai ji daga bakina."

Ta yi tsaki ta kwashe kayanta. A hanya ta riƙa masifa ita kaɗai, ledar lemun tsami tana birgima a kujerar gefe.

Janairu ya wuce da zafi irin wanda ke sa kwalta ta yi laushi. Ƙananan gobara suka riƙa tashi nan da can ana kashewa. Tsuntsaye suka riƙa faɗowa daga itatuwa baki buɗe. A kanti da mashaya mutane sun rage hira, kowa ya fito sai ya ɗaga kai ya dubi arewa kafin ya buɗe motarsa. Glenda ta rame. Tana tuƙa yara da safe hankalinta yana kwarin, in ta tsaya a mahaɗa sai ta saci kallon wayarta ta ga ko akwatin na numfashi. Tsoro take ji, tsoro na gaske, kuma ba ta da wanda za ta faɗa wa, domin ita ce ta buga ƙirji a gaban Darryl ta ce kira zai shiga. Ta yi odar ɗan batir da zai tsaya tsakanin akwatin da bango, ko da maganar mutumin Finland gaskiya ce, aka ce kayan na hanya.

Ranar da abin ya zo, tun da safe iskar arewa ke kaɗawa, busasshiya mai zafi kamar an buɗe murhu. An rufe makarantu a duk yankin. Glenda ta kira shi da hantsi, kiran ya shiga, ta roƙe shi ya zo gari ya yini kawai. Ya ce yarjejeniya ba ta ce haka ba, in ta ga abin da ya isa a fito ta kira, takalmansa na ƙafarsa.

Bayan azahar sama ta canza launi, ta koma ruwan ƙasa-ƙasa, rana ta zama ja ana iya kallon ta da ido. Ƙonannun ganyaye suka fara saukowa a tsakar gidanta, baƙaƙe, wasu da sauran ɗumi. Sai ga kiran Darryl daga cikin motar kwana-kwana. Ya ce gobarar ta tsallake babbar hanya, iska kuma za ta juya kafin la'asar, in ta juya Kwarin Hocking za ta nufa. Ya ce ba shi da motar da zai tura, ta fitar da tsohon yanzu.

Ta kira. Ya yi ƙara, ya ɗauka.

"Kawu, lokaci ya yi. Ka fito."

"Ban ga komai ba a nan."

"Ba za ka gani ba sai ta iso. Ka shiga mota yanzu, ka yi mini alkawari."

"To, to. Bari in ɗan jiƙa baranda da bayan kicin, ba zan daɗe ba."

Ta ji takunsa a kan tsakuwa, ta ji ƙarar ƙofar rumbu. Tana cewa kada ya tsaya jiƙa komai, sai ta ji gurnanin inji ya tashi, kiran ya yanke.

Ta dubi wayarta. Waifai ya ɗauke, ya tashi, ya ɗauke, daidai yadda ya saba yi mata tun Disamba. A kan teburin, tsakanin rautocin da ta farke, kwanon lemun tsami ne cike, manya masu ruwa. Damina biyu ba ruwa, duk lambunan garin sun bushe ƙurmus, tsakar gidan tsohon ta zama ƙura, ita kuma tana karɓar wannan lemu leda-leda tana godiya. Da sanyin safiya da kuma yamma ake ba bishiya ruwa, shi kuma ashe da ruwan gobara yake shayar da ta Beryl. Ta zari makullin motarta ta nufi kwarin.

A bakin gada 'yan sanda sun gindaya mota. Wata 'yar sanda da ba 'yar garin ba, ƙyalle ɗaure a hancinta, ta ce ba mai wucewa. Glenda ta yi bayani, ta yi faɗa, ta ambaci sunan Darryl, ta koma roƙo. Matar ta ce ta ji, ta kuma sanar ta rediyo, amma in ta bar ta ta shiga, mutum biyu za a nema maimakon ɗaya. Glenda ta koma jikin motarta ta tsaya. A nan ne sabis ke ƙarewa, taku kaɗan gaba babu.

Bayan tudun, hayaƙi ya tashi ya rufe rabin sama, ƙasansa ja. Akwai wata ƙara da ke zuwa daga can, mai kauri, ba ta tsayawa. Ta riƙa kira, kiran ba ya shiga. Injin irin mai tashi da tsayawa ne muddin tiyo na buɗe, duk tashin da zai yi sai ya kayar da waifai ɗin, kafin wayar tsohon ta sake kamawa ya kuma kayar da shi. Muddin yana tsaye yana fesa ruwa, ba abin da zai kai masa muryarta. Ta leƙa cikin manhajar tana neman abin taɓawa, ita da ta san kowane lungu nata, ba ta sami ko ɗaya ba. Tankin in cike yake zai kai shi har dare yana fesawa.

Bai kai ko kusa ba. Can sai suman ya tsaya, waifai ya tashi ya zauna daram. Wayar Kawu Alby ta bayyana a jerin abin da akwatin ke gani. Ta san ƙarewar ruwa ce ke tsayar da wannan injin, kuma ta san inda ruwan ya tafi.

Ta kira. Ya shiga. Ya yi ta ƙara, ya yi ta ƙara, ba a ɗauka ba. Ta sake. A tsakiyar ƙarar sai komai ya ɓace, ba waifai kaɗai ba, akwatin gaba ɗaya. Ta san abu biyu da ke kawo haka, ko turakun lantarki sun ƙone, ko gidan. Iska ta juya a lokacin, ta ji ta a gefen fuskarta, hayaƙin ya kwanto cikin kwarin ya shafe hanyar. 'Yar sandan ta ce kowa ya ja baya. Glenda ba ta motsa ba, wayar na kunnenta ba kowa a ciki, tana kiran sunansa a hankali.

Fitilun motarsa ta fara gani, biyu, rawaya, suna tahowa a hankali yadda yake tuƙi ko ranar kasuwa. A-kori-kurar ta hau gada ta tsaya a gabansu, fentin gefenta ya kumbura. Kawu Alby ya sauke gilashi. Fuskarsa baƙa ƙirin da toka, girarsa ta babbake, idanunsa na zubar da ruwa. Ta buɗe baki za ta zazzaga masa duk abin da ta tara tun Disamba, sai ta ga abin da ke kujerar gefe. Rautar ce, da 'yar fankarta, wayoyinta a naɗe tsaf, ya ɗaura mata bel. Babu jaka, babu magungunansa, babu hoton aurensu da ke jikin bangon falo.

"Na ji waya na ƙara," in ji shi. "Hannuna na bayan kabad ina cire wannan. Na ce kin sha wahala a kansa."

"Ba abin da ya same shi, Kawu. Lafiyarsa ƙalau tun farko."

"Na sani."

"Ka sani?"

"Duk sanda na kunna injin sai fitilar akwatin ta yi ja. Ta taga nake hango ta." Ya share ido da bayan hannu. "Yaran kwana-kwana sun ɗebo ruwan nan da guminsu. Da wane baki zan ce ga inda nake kai shi?"

Ta miƙa hannu ta taga ta riƙe kafaɗarsa, wadda ta lalace. 'Yar sandan na ɗaga musu hannu su wuce, su bar gadar. Shi kuwa ya juya yana duban kwarin, inda ba a ganin komai sai hayaƙi da jan da ke motsi a cikinsa.

"Na jiƙa baranda, na jiƙa bango," ya ce. "Ina isa wajen bishiyar Beryl ruwan ya ƙare."

Glenda ta buɗe ƙofar, ta matsar da shi gefe, ta ɗora masa akwatin a cinya. Ta bar motarta a nan bakin gada, ta ja tasa zuwa gari. Har suka isa bai saki akwatin ba.